Abin da Ke Rubuce a Fuskar Dinari



Kusan kowane mako a ƙasar Hausa za ku ji an sanar da nisabin zakka, da mafi ƙarancin sadaki, da kuɗin diyya. Da naira ko sefa ake faɗa mana, amma asalin lissafin ba a kansu aka ɗora shi ba. Nisabin zinariya dinari 20 ne, mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, diyya kuwa dinari 1,000. Allah kaɗai ya san yawan auren da aka ɗaura a garuruwanmu bisa wannan ma'auni. To amma cikinmu mutum nawa ne suka taɓa ɗora dinari na gaske a tafin hannu, suka juya shi, suka karanta abin da ke jikinsa?

Ɗan ƙaramin abu ne. Faɗinsa kusan santimita 2, nauyinsa giram 4.25, wato miskali guda. A watan Oktoba na 2019, wani kamfanin gwanjo a Landan mai suna Morton & Eden ya sayar da guda ɗaya tak a kan fam miliyan 3.72 na Ingila. Da maƙerin fari za a kai wa shi a ranar ya ɗora a sikeli, zinariyar da ke cikinsa ba ta kai ta fam 200 ba. Ke nan wanda ya biya miliyoyin nan ba zinariya ya saya ba, rubutun da ke kanta ya saya. Kuma ni a ganina bai yi wauta ba. Abin da nake so mu tattauna ke nan yau.

Bari mu fara da yadda dinari ya sami fuskarsa.

A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zamanin Halifofi Shiryayyu, Musulmi ba su da kuɗin zinariya na kansu. Da na Rumawa suke ciniki, kamar yadda suke amfani da azurfar Farisawa. Kuɗin Rumawan nan ya daɗe yana mulkin kasuwa, tun da Sarki Kustantin ya fito da shi a farkon ƙarni na 4 na Miladiyya. A fuska ɗaya akwai hoton sarkin Rum, wani lokaci tare da 'ya'yansa, a ɗaya fuskar kuma gicciye ne a tsaye bisa 'yan matakala. Da shi aka biya sadaki, da shi aka fitar da zakka, shekara da shekaru, har bayan da Sham da Masar suka koma hannun Musulmi.

Wanda ya sauya wannan shi ne Halifa Abdulmalik ɗan Marwan na Banu Umayya, wanda ya yi mulki daga shekara ta 65 zuwa ta 86 bayan Hijira, wato 685 zuwa 705. Malamin tarihi Balazuri ya kawo labarin abin da ya jawo. Ya ce takardar da Rumawa ke rubutu a kai daga Masar ake kai musu, sai Abdulmalik ya sa aka fara rubuta kalmar tauhidi a goshin kowace takarda. Sarkin Rum ya aiko cewa in ba a daina ba, shi ma zai sa a buga abin da zai ɓata wa Musulmi rai a jikin dinari, tunda daga wurinsa yake zuwa. Halifa ya yi shawara, aka ce masa mafita ɗaya ce: ya haramta kuɗinsu, ya buga nasa. Kuma a daidai waɗannan shekarun ne Sarkin Rum Justiniyan na Biyu ya fitar da kuɗin zinariya ɗauke da hoton da suke cewa na Annabi Isa ne, alaihissalam, abin da babu sarkin Rum da ya taɓa yi a babbar fuskar kuɗinsa kafin shi.

Abin da ke burge ni shi ne Abdulmalik bai yi gaggawa ba, kuma kuɗin da kansu ne suka ba mu wannan labari, ba littafi ba. In aka jera su bisa tsari, ana ganin mutum yana lalube, yana gwadawa, yana sakewa.

Gwajin farko, an bar siffar kuɗin Rumawa kusan yadda take. Mutum uku na tsaye a gaba, amma an cire gicciyen da ke kan rawunansu da sandunansu. A baya an bar matakalar, an bar sandar da ke tsaye, sai dai an zare wadda ta gitta, an kewaye da kalmar shahada da Larabci. Ɗan kasuwa ya kalla ya ga abin da ya saba gani, malami ya kalla ya ga an kawar da abin da ke damunsa.

Gwaji na biyu, daga shekara ta 74 zuwa ta 77, an kori mutanen Rum ɗin gaba ɗaya. Aka sa mutum guda a tsaye, da gemu, da doguwar riga, hannunsa a kan ƙotar takobin da ke cikin kube. Halifa ne da kansa. Masu tara tsofaffin kuɗi suna kiran wannan samfuri Halifa Mai Tsayuwa, kuma na zinariyarsa 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya, akasarinsu a manyan gidajen adana kayan tarihi.

Sai a cikin shekara ta 77 ɗin, wato wajen 696 zuwa 697, aka yi abin da ya zauna. Aka share hoto baki ɗaya. Babu sarki, babu dabba, babu alama. Rubutu ne zalla da haruffan Kufi, gaba da baya: kalmar tauhidi a tsakiyar fuska ɗaya, a gefenta ambaton manzancin Annabi da lafazin aya ta 33 ta Suratut Tauba, a ɗaya fuskar wani ɓangare na Suratul Ikhlas, sannan a kewaye shekarar da aka buga shi, a rubuce da kalmomi. Ku lura da wani abu: mutumin da har cikin wannan shekarar hotonsa ke kan kuɗi, yanzu ko sunansa babu. Dinarin Banu Umayya ba ya ɗauke da sunan halifa. Sai a zamanin Abbasiyawa ne sunayen masu mulki suka fara shiga, har abin ya kai ga cewa alamun sarauta biyu ne, a ambaci sunanka a huɗuba, a kuma buga shi a kuɗi.

Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Kasuwa ba ta son baƙon abu, musamman a harkar kuɗi. Tun daga zamanin Sarki Kirisus na Lidiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya fara buga kuɗin zinariya tsantsa a ƙarni na 6 kafin Miladiyya da hoton zaki da bijimi, jama'a da hoto suke gane kuɗi. Galibinsu ma ba su iya karatu ba. Abdulmalik ya ce su amince da layukan rubutu, kuma suka amince, domin nauyin bai taɓa yi musu ƙarya ba, zinariyar kuma kusan tsantsa ce. Shi ne dai halifan da ya gina Kubbatus Sakhra a Ƙudus a shekara ta 72, shi ne ya mayar da rubutun ofisoshin gwamnati zuwa Larabci. Dinarin nan ɗan'uwan waɗancan ayyuka ne, sai dai shi yana shiga aljihu ya yi tafiya, ya kai inda gini ba ya zuwa.

Dinarin shekara ta 77 shi ne abin da kowane mai tara kuɗin Musulunci ke mafarki, don shi ne na farko kuma yana da wuyar samu. Na shekara ta 78 zuwa sama sun fi yawa nesa ba kusa ba. Zinariya iri ɗaya, nauyi ɗaya, rubutu ɗaya, kalma guda ce ta bambanta su, bakwai ko takwas, amma tazarar farashinsu kamar sama da ƙasa.

To wancan na Landan fa, me ya sa shi tsada haka? An buga shi a shekara ta 105, wato 723 zuwa 724, shekarar da Halifa Yazidu na Biyu ya rasu, ɗan'uwansa Hisham ya hau. A ƙasan rubutun da aka saba an ƙara 'yan kalmomi da ke cewa daga ma'adinin Amirul Muminina ne da ke Hijaz. Wato zinariyar daga wata mahaƙa ta halifa ta fito, a yankin da ke tsakanin Makka da Madina. Dinarin Banu Umayya na gabas ba ya faɗar inda ya fito, wannan kuwa ya faɗa, kuma wurin da ya ambata wuri ne da zuciyar kowane Musulmi ke can. Waɗanda aka sani irinsa ba su wuce goma sha wani abu ba. Wani ɗan'uwansa ma a 2011 a kan wannan farashin daidai aka sayar da shi, a wannan kamfanin.

Wataƙila wani mai sauraro ya ce, ai in haka ne sai a zauna a ƙera. Ana ƙerawa kuwa, jabu sun cika kasuwa, har a shagunan da alhazai da masu yawon buɗe ido ke shiga. Amma sanin yadda ake yin na gaske shi ne ke tona asirin na ƙarya. Dinari ba zuba shi ake yi ba, buga shi ake yi. Mai sassaƙa zai ɗauki guntun ƙarfe ya zana rubutun a kansa a juye, daga hagu zuwa dama, da hannu, harafi bayan harafi, a fili mai faɗin santimita 2. Hatimi biyu ake yi. A kafa ɗaya a uwar maƙera, a ɗora ɗan faifan zinariya da aka riga aka auna, a aza ɗaya hatimin a sama, a sauke guduma. Shi ya sa na bugu bakin haruffansa ke da kaifi, wani lokaci rubutun ya ɗan karkace zuwa gefe saboda hannun mai riƙo ya goce. Na zubi kuwa haruffansa a dagule suke, in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga ƙananan ramukan iska, ka ga layin haɗi a gefe, sikeli kuma ya ƙarasa shari'ar.

Kuma tunda kowane hatimi da hannu aka sassaƙa shi, babu biyu da suka zama ɗaya. In hatimi ya fara tsagewa, tsagar za ta fito a kowane dinarin da aka buga da shi, tana ƙara girma. Masana sukan tara hotunan ɗaruruwan dinarai na shekara guda, su ware waɗanda suka fito daga hatimi ɗaya, su ƙirga hatiman, daga nan su yi ƙiyasin yawan kuɗin da aka buga a shekarar. In yawan ya yi tsalle, sai a tambaya: yaƙi aka shirya, ko sabuwar zinariya ce ta shigo? Wannan aikin, mai tara kuɗi na kirki ne ke sa ya yiwu, wanda ke buɗe akwatinsa a auna, a ɗauki hoto, a buga a littafi.

Karɓuwar da dinari ya samu ta kai har waɗanda ba Musulmi ba suka shiga kwaikwayonsa, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. A gidan tarihi na British Museum akwai wani kuɗin zinariya na Offa, sarkin Mersiya a tsakiyar Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Kwafi ne na dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa, har da shekarar 157 ta Hijira a jikinsa, har da kalmar shahada. A tsakanin layukan Larabcin sai aka cusa sunan Offa da laƙabinsa na sarki da haruffan Latin. Mai sassaƙar bai iya Larabci ba, ya yi kurakurai a haruffa, sunan sarkin ma a kife yake in ka riƙe Larabcin daidai. Shi dai ya san cewa zinariyar da ke da wannan zane ita ce ake karɓa ba gardama a kasuwannin Bahar Rum.

Haka mayaƙan Salibiyya da suka kafa mulki a gaɓar Sham. Sun shafe fiye da shekara ɗari suna buga kwaikwayon dinarin Fatimiyawan Masar, da sunan Annabi da shekarar Hijira. Da wakilin Fafaroma ya zo a 1250 ya gani, ya kai ƙara, Fafaroma Innosent na Huɗu ya hana. Me suka yi? A 1251 a birnin Akka suka fito da sabon kuɗi, suka sauya kalmomin zuwa aƙidar Kirista, suka sa ɗan gicciye, amma da Larabci, da siffar dinari. Addini ya sa an canza ma'ana, kasuwa ta hana a canza kama. A Sifaniya ma haka Sarki Alfonso na Takwas ya yi a birnin Toledo, bayan da zinariyar da yake samu daga sarkin Musulmi na Mursiya ta yanke a 1172. Ya buga nasa da Larabci bisa tsarin dinarin Murabiɗai, inda ake sa sunan limamin Musulmi ya sa Fafaroma.

Da na ambaci Murabiɗai, mun iso ƙofar gida. Daular nan ta ƙabilar Sanhaja daga Sahara ta taso, ta kama Sijilmasa a kudancin Maroko, ƙofar da ayarin raƙuma ke shigowa da zinariyar Yammacin Afirka, ta kama Audagust a ɗaya bakin hamadar. Suka riƙe hanyar kai da gindi. Tun daga tsakiyar ƙarni na 11 suka shiga buga dinari a Sijilmasa, daga baya a Agmat da Fas da Marrakesh, sannan a biranen Andalus a zamanin Yusuf ɗan Tashfin da ɗansa Ali. Gwajin da masana suka yi wa ƙarfen waɗannan dinarai ya nuna da yawansu da zinariyar ƙasashen Sudan ta yamma aka yi su, irin ta Bambuk da Bure, a yankin Senegal da Mali da Gini na yau. Kafin su ma, Fatimiyawa sun kama Sijilmasa a 958, shekara goma sha ɗaya kafin su ci Masar a 969, kuma halifansu Mu'izzu shi ne ya fito da wannan kyakkyawan tsari na rubutu zobe cikin zobe, wanda ko daga nesa ka hango shi ka san na Fatimiyawa ne. Muwahhidai da suka kawar da Murabiɗai su kuma suka zana murabba'i a cikin da'ira suka zuba rubutu a ciki. Kowace daula ta so a gane kuɗinta da kallo ɗaya, ba tare da ta koma ga hoto ba.

Tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: su masu zinariyar fa? Ba su buga nasu ba?

Bakri, malamin Andalus da ya yi rubutu a 1068, ya ambaci wani garin ciniki mai suna Tadmakka, a arewacin Mali ta yau, ya ce mutanensa suna da dinarai na zinariya tsantsa amma masu sanƙo, wato babu tambari a kansu. An daɗe ana ɗaukar maganar kamar jita-jitar matafiya. Sai a 2005 wani masanin haƙar tarihi ɗan Ingila, Sam Nixon, ya yi tono a kufan garin, wanda yanzu ake kira Essuk, ya samo gutsattsarin mazubai na yumɓu masu ƙananan ramuka, da 'yan ɗigon zinariya maƙale a ciki, na ƙarni na 9 zuwa na 10. Har an gano cewa da niƙaƙƙen gilashi suke tace zinariyar. Ga shaida ta fito daga ƙasa ta gaskata littafi bayan shekara kusan dubu. To amma dinari mai sanƙo ba ya faɗar sunan kowa. Da ya ƙetare hamada sai a narkar da shi, a buga masa sunan wani sarki da wani gari. Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324 da zinariyar da ta karya farashi a kasuwar Masar, amma babu wani dinari da ke ɗauke da sunansa. Da Turawa suka zo ta teku, labarin bai canza ba. A 1663 Ingila ta fara buga kuɗin zinariya da ake kira gini, da sunan gaɓar da zinariyar ta fito, kuma waɗanda aka yi da zinariyar kamfanin sarauta mai fataucin Afirka an sa musu 'yar giwa a ƙarƙashin kan sarki. Kamfanin da ke ɗauko zinariyar shi ne kuma ke ɗaukar bayi. Masu tarawa suna biyan ƙari saboda giwar nan, kuma ina fata duk wanda ya riƙe ta ya san me aka loda a jirgi ɗaya da ita.

Mu nan ƙasar Hausa da wuri muka yi ciniki, har zamanin Daular Sakkwato, ga kuma liyarin azurfa da ke shigowa ta hamada. Zinariya a wurinmu ta awo ce da ta ado, kamar 'yan kunne da zoben da aka tono a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, domin wuri ya sayi abin da dinari ba zai iya saya ba, tun daga ƙwayar goro har zuwa ƙosai, kuma tsarin ya yi aiki ɗaruruwan shekaru. Amma akwai asara a ciki ga mai neman tarihi. Masanin tarihin Maroko na iya ɗaukar ƙarfe ya karanta sunan sarki da gari da shekara. Mu dole sai mun bi ta littattafai da bakin maroƙa da abin da ƙasa ta ɓoye. Shi ya sa duk wani tsohon kuɗi da ya fito daga ƙasarmu, ko na wace daula ne, darajarsa a wurinmu ta ninka, don shi ne zai ce mana da wa muka yi hulɗa, kuma a wane zamani.

Kafin in zo kan abin da ke faruwa da irin wannan kuɗi in an tsince shi, bari in ɗan ratsa ta wani abu da ke bayyana tsadar kuɗin tarihi: yawanci wuta ce ke jawo ta. Sarkin Mugal na Indiya, Jahangir, a 1618 ya sa a buga kuɗin zinariya da hoton burujin watan da aka buga su, rago da sa da zaki da kunama da sauransu, goma sha biyu. Ɗansa Shah Jahan da ya hau ya sa aka janye su aka narkar, shi ya sa haɗa cikakken jerinsu na gaske ya zama abin da sai manyan gidajen tarihi. A Amurka kuma, an buga dala 20 ta zinariya guda 445,500 a 1933, amma kafin a sake su Shugaba Roosevelt ya hana jama'a riƙe zinariya, aka mayar da su tukunya. 'Yan kaɗan suka sulale ta bayan gida. Ɗaya ya faɗa hannun Sarki Faruƙ na Masar a 1944, ya ɓace bayan an tumɓuke sarkin, jami'an Amurka suka kama kuɗin a New York a 1996, aka yi shari'a, aka sasanta. A 2002 an sayar da shi dala miliyan 7.59, a 2021 kuma dala miliyan 18.9.

Wutar da sarakuna suka kunna da gangan ke nan. Wadda ta fi damuna ita ce wadda ake kunnawa kullum cikin rashin sani. Tagulla in ta tsufa ba wanda ke kula ta, sai ta tsira. Zinariya kuwa ba ta tsatsa, ba ta tsufa, kullum tana da mai saye, kuma wannan ne ajalinta. Manomi ya ci karo da tukunya a gona, ko magada su buɗe adakar kaka su ga wasu sulalla masu rubutun da ba su iya karantawa ba, kafin la'asar an kai wa maƙeri, kafin magariba sun zama sarƙa. Daidai yake da mutum ya ɗauko kundin kakansa ya hura wutar shayi da shi.

Akwai kuma ɓarna ta biyu, wadda masu tarawa ke da hannu a ciki, kuma ba zan rufa musu asiri ba. Kuɗin da suke zubawa shi ke tura matasa tonon kufai cikin dare. Mun ga yadda aka yi wa gumakan Nok. Tukunyar kuɗi in aka same ta a inda take, labari ce cikakke: mafi sabunta a cikinta yana faɗa maka lokacin da aka binne, garuruwan da aka buga su suna zana maka hanyar fatauci. In dillalai suka raba ta ɗaya-ɗaya, kowane dinari yana nan da kyaunsa, amma labarin ya mutu. Ku kwatanta da abin da ya faru a 2015 a tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Kaisariyya, a gaɓar Bahar Rum, inda masu nutso suka ci karo da dinaran Fatimiyawa kusan 2,000 a ƙarƙashin ruwa. Suka sanar da hukuma. Da aka karanta su aka ga yawancinsu na zamanin Halifa Hakim ne da ɗansa Zahir, tsakanin 996 da 1036, wasu an buga su a Masar, wasu a Arewacin Afirka da Sisili. Ko na ƙauyen Hoxne a Ingila a 1992, inda wani mutum da ke neman gudumar da ta ɓata a gona ya faɗa kan taskar Rumawa mai kuɗin zinariya 569 da dubban na azurfa. Ya dakata da tono ya kira hukuma, masana suka zo suka ɗauke ta a tsanake. An biya shi fam miliyan 1.75, ya raba da manomin da ke noma gonar. Dokar can tana biyan mai tsintuwa farashin kasuwa, don haka gaskiya ba ta jawo masa asara.

A Nijeriya doka ta ce a kai rahoton irin wannan tsintuwa, kuma ba a fitar da kayan tarihi waje sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Doka ce mai kyau a takarda. Amma muddin manomi na tsoron cewa in ya kai rahoto za a karɓe abin a sallame shi hannu rabbana, ko ma a tsare shi da tambayoyi, to maƙeri zai ci gaba da riga gidan tarihi samu. Ina kira ga hukumar da 'yan majalisa su fito da tsarin lada bayyananne, wanda za a sanar a rediyo da Hausa da sauran harsuna, mai gari da hakimi su san shi.

Ku kuma 'yan'uwana maƙeran fari da masu shagon gwal, a hannunku abin yake kafin kowa. In aka kawo muku tsabar zinariya mai rubutun Larabci ko hoton da ba ku saba gani ba, don Allah kada ku goge ta, kada ku gasa ta, kada ku huda ta. Goge kaɗai na iya zubar da rabin darajarta a wurin masu saye, huji kuma ya fi haka. Ku auna ta, ku ɗauki hoton fuska biyun da wayarku, ku tambayi wanda ya kawo inda ta fito ku rubuta. Sannan ku nemi malamin da ya iya karanta Kufi, ko ku je sashen tarihi na jami'a mafi kusa, ko Gidan Makama in kuna Kano, a karanta muku shekarar da garin. In ta zama ta jiya ce, ba ku yi asarar komai ba, kaskonku na nan yana jira.